Ɗan Nijar a jami'ar Katolika: wa ke tarbar sabon ɗalibi a zangon farko?

Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar BAC ya fito, gidaje da yawa a Yamai, Maradi, Damagaram da Tawa kan shiga lissafi iri ɗaya: a bar yaro a jami'ar gwamnati, ko a daure a tura shi waje? Tun shekarar 2014 kowace jaha ta ƙasar tana da jami'arta, amma cunkoso a ɗakunan karatu, yajin aikin malamai da na ɗalibai, da shekarar karatu da ke shiga cikin wata, sun sa iyaye masu ɗan hali, da ƴan uwan da ke ci-rani suna aiko da kuɗi, suna duban ƙasashe maƙwabta. Cikin makarantun da sunansu ke yawan fitowa akwai Jami'ar Katolika ta Afirka ta Yamma, wadda aka fi sani da UCAO.

Ƙungiyar bishop-bishop ta yankin ce ta kafa ta a shekara ta 2000, kuma ba a gari ɗaya take ba. Tana da rassa a Abijan, Bobo-Julaso, Lome, Kwatano, Bamako, Konakiri da ƙasar Senegal. Ana karatu da Faransanci, ana biya da CFA a galibin rassan, shekara kan fara ta ƙare a kan lokaci. Ga uban da ya ga ɗan maƙwabcinsa ya shafe shekara biyar a kan digirin shekara uku, wannan kaɗai ya isa dalili.

Tambayar da ake fara yi a tsakar gida sananniya ce: ba za su canza wa yaron addini ba? A ƙasar da kusan kashi 99 cikin 100 na jama'arta Musulmi ne, ba abin mamaki ba ne. Sai dai ƴan Nijar ba baƙi ba ne ga makarantun mishan. Kwalejin Mariama ta Yamai ta yaye mata Musulmi masu yawa da suka riƙe manyan ayyuka a ƙasar nan, kuma ko bayan tarzomar 16 da 17 ga Janairun 2015, lokacin da aka ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai, iyaye Musulmi ba su daina kai ƴaƴansu waɗannan makarantu ba.

Ita ma cocin tana da rubutacciyar doka a kan batun. Kundin da Paparoma Jean-Paul na biyu ya fitar a 1990 game da jami'o'in Katolika, mai suna Ex Corde Ecclesiae, ya ɗora wa kowane ɓangare nauyinsa. Ɗalibin da ba ɗan Katolika ba zai mutunta yanayin makarantar. Ita kuma makarantar za ta mutunta ƴancin imanin kowa, kuma idan akwai mabiya wasu addinai a cikinta, za ta mutunta shirin da suka yi na ibada bisa aƙidarsu. Akwai wuraren da aka kai abin nesa: jami'ar Georgetown ta Amurka ta ɗauki limamin Musulmi na dindindin, Imam Yahya Hendi, tun 1999, sannan a jami'ar Baitalami ta Falasɗinu, wadda aka buɗe a 1973, Musulmi ne suka fi yawa cikin ɗalibai. Rassan UCAO na Bamako, Konakiri da Senegal su ma suna cikin ƙasashen da Musulmi suka fi rinjaye.

Don haka wahalar addini da sabon ɗalibi ke fuskanta ta yau da kullum ce, kuma ƙananan abubuwa ne ke haɗuwa su yi nauyi. A Nijar ana tashi daga aiki da wuri ranar Juma'a, yaro ya taso bai taɓa zaɓa tsakanin darasi da masallaci ba. A Lome ko Abijan, Juma'a rana ce kamar sauran, malami na iya sa gwaji da ƙarfe ɗaya. Ina za a yi alwala, ina za a shimfiɗa darduma tsakanin azahar da la'asar? Naman da ke cikin miyar mai abinci a bakin ƙofar makaranta, wa ya yanka? Yarinya mai hijabi za ta haɗa shi da kayan makaranta, a inda ake sa su? A shekarun nan kuma azumi na faɗowa tsakanin Fabrairu da Maris, daidai lokacin da jarrabawa ke yawa. Duk waɗannan suna da mafita idan aka tambaya. Matsalar ita ce ɗan shekara 18 da aka yi wa tarbiyyar kada ya ɗaga ido gaban babba ba zai ƙwanƙwasa ofishin limamin coci ya nemi a sassauta masa lokaci ba. Zai yi shiru, ya riƙa ɓacewa ranar Juma'a, sai ƙarshen zango ya ga an rubuta masa fashi. (Ɗan Nijar Kirista ma yana da nasa sabon darasi: karo na farko ke nan da zai zauna inda ba shi ne ƴan tsiraru ba, amma kewar gida da tsadar haya ba su san wannan bambanci ba.)

Abin da ya fi kayar da ɗalibi, kuma iyaye ba su cika tambaya a kansa ba, shi ne tsarin karatun kansa. Ƙasashen UEMOA sun amince da tsarin LMD tun 2007. Shekara ta kasu zango biyu, kowane zango yana da maki 30 da ake kira kiredi, sai an tara 180 a sami digirin farko. Yaron da ya fito daga lise ya saba da jarrabawa guda babba a ƙarshen shekara, wadda ake yi wa shiri da hadda da kwanan zaune. A jami'a kuwa gwaje-gwajen da ake yi tun makonnin farko suna shiga lissafi. Wanda ya iso a makare saboda kuɗin rajista ba su haɗu da wuri ba, ko ya shafe wata guda yana neman ɗaki, ya riga ya ci bashin maki kafin ya san sunayen malamansa. Ga aikin da ake so a buga a kwamfuta a aika ta intanet, ga jawabi a gaban aji cikin Faransancin da ƴan gabar teku ke yi da sauri, suna dariyar karin harshen baƙo. Ɗalibin da ya zo na ɗaya a ajinsu a Tasawa ko Birnin Ƙonni zai iya komawa kurma a wata biyu, kuma ba zai faɗa wa gida ba, domin ya san an sayar da shanu ko wani yaya a Aljeriya ya matse bakin aljihu kafin a biya masa.

Sai batun ɗaki. A Cote d'Ivoire, dokar haya ta 2018 ta taƙaita abin da mai gida zai karɓa zuwa wata 2 na ajiya da wata 2 na gaba. Wato ko an bi doka, kuɗin wata huɗu ne a dunƙule kafin a ba da mabuɗi, ban da ladan dillali. Iyaye kan lissafa kuɗin makaranta har sisin ƙarshe, su manta da wannan.

Siyasar yankin ta ƙara wa borno dawaki. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin CEDEAO da UEMOA ya dakatar da hada-hadar kuɗi da Nijar har zuwa Fabrairun 2024, ɗalibai a waje suka ɗanɗana jiran kuɗin da ba ya zuwa. Gadar Gaya da Malanbil ta kasance a rufe ko bayan ɗage takunkumin, matafiya suka koma tsallake kogi da kwale-kwale. Nijar ta fita daga CEDEAO a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, ko da yake ƙungiyar ta ce za ta ci gaba da karɓar takardun ƴan ƙasar har sai an sake shawara. Ɗalibin da a da yake hawa mota ya zo gida hutun ƙarshen shekara, yanzu sai ya yi lissafi sau biyu, kuma zaman wata tara ba tare da ganin gida ba shi ma nauyi ne.

To wa ke tarbar sa? A zahiri, tsofaffin ɗalibai ne. Ƙungiyoyin ɗaliban Nijar a waɗannan birane su ne ke zuwa tasha, su kwantar da baƙo a tabarmar ɗakinsu, su nuna masa asibiti ranar da zazzaɓin cizon sauro ya kayar da shi. Bayansu akwai unguwannin Zongo na Kwatano da Lome, da Hausawan Abijan, inda yaro zai ji harshensa, ya sami tuwo da fura da sahun salla. Aiki ne babba, amma na sa-kai ne, ya dogara ga sa'a. Wanda ya faɗa hannun yaya nagari ya tsira, wanda ya faɗa hannun mai yawon dare ya bi sahu. Ƴan mata sun fi shiga haɗari a nan, domin wanda ya ba da masauki ba kullum ne yake bayarwa don Allah ba.

Jami'ar da ke karɓar kuɗin baƙi bai kamata ta bar wannan ga sa'a ba. Bikin maraba na yini guda, da jawabin shugaba da addu'ar buɗe shekara, ba ya koya wa kowa yadda ake lissafin kiredi. Abin da ke aiki shi ne a haɗa kowane sabon ɗalibi da wani na aji biyu ko uku da aka zaɓa aka kuma san shi, a sami malami guda da zai duba makinsa bayan gwajin farko, tun kafin rami ya yi zurfi, a kuma faɗi tun ranar farko, a bainar jama'a, yadda za a yi da Juma'a da azumi da wurin salla. Idan hukumar makaranta ce ta fara buɗe zancen, kunyar yaro ta ƙare. Jami'ar Katolika ma ta fi wasu damar yin haka, tunda tana da limamai da masu ba da shawara da aikinsu ke nan.

Akwai kuma rabon iyaye da masu aiko da kuɗi daga waje. Kafin a biya rajista, a tambayi reshen ko yana da masauki ko jerin gidajen da ya amince da su, a nemi lambar shugaban ɗaliban Nijar na garin, a sa yaro ya yi katin ofishin jakadanci a makonnin farko. Sannan a bincika ko hukumar CAMES, wadda aka kafa a nan Yamai a 1968, ta amince da digirin da zai karanta. Hukumar tana tantance kowane digiri ne daban, don haka a reshe ɗaya ana iya samun fannin da ya wuce da wanda bai kai gabanta ba tukuna, kuma ranar da yaro ya dawo neman aikin gwamnati ko ci gaba da karatu ne za a tambaye shi wannan takarda.