Wasiƙa Ga Masu Ɗaukar Hoton Sama Da Dare

'Ya'yana da ƙannena,

Ina ganin aikinku, madalla. Duk wanda ya kwana a fili cikin sanyin hunturu yana gadin kyamara ya cancanci a yi masa sannu. To, na yi.

Makon jiya wani yaro ya miƙo mini waya yana murmushi. A hoton da ke ciki, rana ta faɗi, yamma ta yi jawur, ga kuka tsaye, a kanta kuma ga wata cikakke kamar faifai. Raina ya ɓaci. Watan daren sha huɗu daga gabas yake ɓullowa a daidai lokacin da rana take faɗuwa, me zai kai shi yamma da magariba? Liƙa shi aka yi. Da na yi magana sai ya ce, "Baba, ai gyara ne, kowa yana yi."

Gyara daban, ƙari daban. Ka ɗauki Kaza da 'Ya'yanta sau ɗari ka haɗa a kwamfuta don haskensu ya fito, ban ce komai ba, hasken da ya shiga kyamararka ne. Ku dubi haƙurin mutanen da: John William Draper ya bar kyamara a buɗe wajen minti 20 yana ɗaukar hoton wata a Amurka a 1840. Ɗansa Henry ya yi minti 51 yana bin gajimaren Orion a 1880. Wani mai suna Barnard kuwa, kowane hoto na kundinsa na hotunan taurari sai da ya duba shi da idonsa, ya rasu a 1923, littafin bai fito ba sai 1927. Mu ma zamanin fim mukan jira kwanaki kafin a wanko mana, sau da yawa mu tarar da baƙi ƙirin, mu koma daji. Wa ya rage da wannan haƙurin yau?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne jinjirin wata. Na ga hoton da aka dasa tauraro a tsakiyar ƙahonninsa, alhali sauran jikin watan yana nan cikin duhu, ya tare duk abin da ke bayansa. Ba ku jin kunya? A ƙasar da jama'a ke ɗaukar azumi su ajiye da ganin wata, irin wannan hoton yakan zaga wayoyi kafin isha'i.

Ku gafarce ni idan na yi zafi. Roƙona kaɗan ne: ku rubuta rana da sa'a da wurin da kuka ɗauka a ƙarƙashin kowane hoto, wanda kuka haɗa kuma ku ce haɗi ne.

Wassalam,
Wani tsohon mai hoto