Anini Ba Shara Ba Ne!

Jama'a, wai mu wace irin al'umma ce? Kullum a littattafanmu sai ka karanta an ce wane ba shi da ko anini, ko wance ba ta ajiye sisin kwabo ba, amma tara matasan Samaru ka ce su kwatanta maka aninin, ka ji shiru. Kalmar na bakinmu, abin kuwa mun kwashe mun sayar wa 'yan gwangwan a kan sikeli!

To ga anini: kashi ɗaya ne cikin goma na kwabo, da huda a tsakiyarsa, da tauraro mai tsini shida, har da rubutun Larabci. A 1907 Turawa suka fara bugo shi, domin kwabo ya yi wa cefanen talaka girma, mutanen da suka saba ƙirga wuri. Shi ya sa rabin kwabo ma "ɗari" muke ce masa, lissafin wuri ne ya bi shi. Da layin dogo ya iso Zariya a 1911, Sabon Gari ta tashi a gefen tasha, da irin waɗannan kuɗi aka biya lebura, aka sayi auduga, aka karɓi haraji. Naira ta zo a 1973 ta kori taro da sisi da sule.

Dubi yadda wasu suka yi da nasu. A Birtaniya an taɓa ƙarancin canji mai tsanani, har a 1787 wani kamfanin haƙar jan ƙarfe a tsibirin Anglesey ya buga kwabbansa don biyan ma'aikata, 'yan kasuwa suka bi sahu, kowa da sunansa a jikin nasa. Gwamnati ta fito da nata kwabon a 1797, amma ba su watsar da na 'yan kasuwar ba. A 1798 James Conder ya jera su a littafi, har gobe da sunansa masu tara su ke kiransu.

Na san wani zai ce, "Malam, tsohon kwabo zai sayo maka masara?" Ba zai sayo ba. Amma wanda ya sha layin banki a ƙarancin kuɗi na 2023 ya san kuɗi ma suna da tarihi, kuma wanda bai san jiya ba kullum baƙo ne a yau. Marubucin da zai ba mu labarin zamanin Sardauna bai taɓa riƙe taro ba, me zai rubuta?

Saboda haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, a bincika adakar kaka da tsohuwar kwallarta. Abin da aka samu kada a goge shi da toka, gogewa na cinye rubutun. A rubuta shekarar da ke jiki da wanda ya ajiye, a nuna wa yara. Abin da aka narkar ya tafi ke nan.