Kamaru: Kwamfutocin Garwa tsakanin ƙarewar Windows 10 da raunin intanet

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina bai wa manhajar Windows 10 gyare-gyaren tsaro kyauta kamar yadda ya saba, ya kuma shawarci jama'a su koma Windows 11. A ƙasashen da intanet ke da ƙarfi, wannan aikin yini ɗaya ne. A Garwa da Marwa da Ngawundare kuwa, lamarin ya taɓo tsohuwar matsala: ta yaya za a sauke manhaja mai nauyin gigabait da dama a inda sabis ke yawan yankewa, data kuma ke da tsada?

Sabunta manhaja ba ado ba ne. A Talata ta biyu ta kowane wata Microsoft kan fitar da gyaran da ke toshe kafofin da masu kutse suka gano. A watan Mayun 2017 cutar kwamfuta ta WannaCry ta kulle na'urori a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Ingila, alhali maganinta ya fito tun watan Maris. Waɗanda ba su sauke shi ba ne suka ji jiki. Ke nan kwamfutar ɗan kasuwa mai lissafin kaya tsakanin Garwa da Yola, ko ta shagon buga takardu, ko ta ƙaramin asibiti, duk watan da ya wuce ba a sabunta ta ba, haɗarinta na ƙaruwa.

Tushen matsalar yana da nisa da Garwa. Wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da Kamaru ta dogara da su suna fitowa ne a Duwala da Limbe da Kribi, sama da kilomita 1,000 daga birnin. Daga can sai sun bi babban layin kamfanin gwamnati na Camtel, wanda MTN da Orange ma ke amfani da shi. Idan aikin hanya ko ɓarayi suka tsinke layin a wani wuri, arewa ce ke a ƙarshen igiya. Ranar 14 ga Maris na 2024, da wayoyi huɗu suka lalace a tekun da ke daura da Kodebuwa, Kamaru na cikin ƙasashen da intanet ɗinsu ya yi rauni ƙwarai. Kafin nan, a watan Afrilun 2023, masu amfani da waya sun yi ƙauracewar da aka sani da "mode avion" don nuna fushi kan tsada da rashin ingancin sabis. Wasu sun sa rai ga Starlink, amma a Afrilun 2024 hukumar kwastan ta ba da umarnin kama na'urorinsa saboda ba shi da lasisi a ƙasar.

Ga kuma batun wuta. Jihohin arewa uku sun daɗe suna dogaro da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, mai ƙarfin megawat 72, wadda ƙarfinta kan ragu idan ruwa ya ja da rani. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun rage raɗaɗin, amma har yanzu ana ɗauke wuta. Kwamfutar da wuta ta ɗauke mata tana tsakiyar sabuntawa kan iya ƙin tashi gaba ɗaya, shi ya sa masu shaguna da yawa ke kashe sabuntawar baki ɗaya don gudun asarar data da ta na'ura.

Ko da sabis ya samu, ba kowace kwamfuta ce ke ɗaukar Windows 11 ba. Sabuwar manhajar na bukatar ma'ajiya mai akalla gigabait 64 da wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, wanda tsofaffin na'urori da yawa da ake shigowa da su daga Turai ba su da shi. Kwamfutoci 500,000 na shirin PB HEV da gwamnati ta fara raba wa ɗaliban jami'a a ƙarshen 2017 ma'ajiyarsu gigabait 32 ce kawai, don haka ƙofar a rufe take gare su. Microsoft ya ba masu amfani na gida ƙarin wa'adi zuwa 13 ga Oktoban 2026 ga wanda ya yi rajista, sai dai shi ma wannan gyaran ta intanet yake zuwa.

Mafita mafi kusa ita ce a daina sa kowa ya sayi data don sauke abu ɗaya. Ana iya sauke gyaran sau ɗaya daga shafin Microsoft Update Catalog, a ɗora shi a filash, a saka wa kwamfutoci da dama. A ofis ko makaranta, Windows na da tsarin da na'ura ɗaya ke raba wa 'yan uwanta abin da ta sauke. Tsofaffin na'urori kuma za su iya komawa Linux, wadda kyauta ce kuma tana da nau'o'i marasa nauyi. Masu gyaran kwamfuta sun daɗe da wannan dabara ta filash, amma tana da nata haɗarin, domin filash mai yawo daga hannu zuwa hannu na cikin hanyoyin yaɗa cuta, musamman idan manhajar ta jabu ce.

Saboda haka aikin ya fi ƙarfin mai shago shi kaɗai. Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022, da takwarorinta na Marwa da Ngawundare, za su iya ajiye rumbun manhajoji masu tsabta da ɗalibai da masu gyara za su riƙa ɗauka. Hukumar ART mai kula da sadarwa na iya matsa wa kamfanoni su ajiye irin wannan rumbu a arewa, maimakon kowane fayil ya taso daga bakin teku. Idan ba a yi haka ba kafin wa'adin 2026 ya cika, kwamfutoci da yawa a yankin za su ci gaba da aiki da bayanan kuɗi da na marasa lafiya ba tare da wata kariya ba.