A bar mana man miya

Kwanan baya wani matashi da ya karanci ilimin haɗa sinadarai ya tsare ni a Tibati da dogon bayani. Wai lokaci ya yi da za mu riƙa yin soso mai tauri, irin wanda ke cikin bangon firji da kular ƙanƙara, da man angurya. Ya ce ga matatar Sodecoton a Garwa, ga wata a Marwa, me muke jira? Na ce masa a kai kasuwa.

Ba soson nake ƙi ba. Duk wanda ya ga kifin madatsar Mbakawu, yadda masunta ke rige-rigen banda shi don kada ya ruɓe a hannunsu, ya san muna bukatar abin da zai riƙe sanyi. Haka wanda ya taɓa kwana ƙarƙashin rufin kwano a Garwa cikin Afrilu, zafi ya haura digiri 40.

Ɗibar man tukunya ne ban yarda da shi ba. Diamaor ɗin da za a zuba a injin shi ne wanda uwargida ke aunowa a ƙaramar kwalba don miyar dare. In masana'anta ta shigo layin saye, wa kuke jin zai koma gida hannu rabbana?

Sannan a daina ruɗin mutane da sunan "soson tsirrai". Tun da Otto Bayer ya gano wannan haɗi a Jamus a 1937, ruwa biyu ake gaurayawa su kumbura su daskare. Man tsiro gurbin ɗaya kaɗai yake cikewa. Ɗayan, isosayanet, daga man fetur yake fitowa, kuma daga waje za mu sayo shi da kuɗi masu tsada. Shi kansa man anguryar sai an sarrafa shi da wasu sinadarai kafin ya yarda ya haɗu.

Alhali ga zurma nan tana fitowa a juji da bayan gari, ba mai kula ta. Ba a miya da manta, ƙwayarta ma guba ce. Kuma Allah ya halicci man da siffar da haɗin ke nema, ba sai an wahalar da shi ba. Indiya ta daɗe tana nomanta tana sayar wa duniya. Na ce wa yaron ya fara da buhu ɗaya na zurma, ya yi kula guda, mu cika ta da kifi mu hau mota zuwa Ngaundere. Har yau ina jiransa.