'Ya'yanmu Masu Karatun Lauya Su Riƙi Fannin Dokar Bashi

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma mu mazauna kudu mun fi kowa sanin haka. Shanun da ake saukewa a mayankar Oko-Oba ta Agege, da tumatir da albasar kasuwar Mile 12, da goron Shagamu, yawancinsu a kan amana suke tafiya. A ba mahauci sa yau, ya yanka ya sayar, ya kawo kuɗi jibi, fatoma ko dillali ne shaida. Idan kasuwa ta yi kyau kowa ya sami nasa. Idan mota ta faɗi da kaya ko gobara ta tashi, mutum ɗaya zai karye ya ja goma su bi shi, daga nan kuma sai caji ofis.

Ra'ayinmu a wannan fitowa shi ne, 'ya'yanmu da Allah Ya nufa da karatun lauya su mai da hankali ga dokar bashi da ta karayar arziki, domin a nan ne iyayensu suka fi shan wuya.

Yaro yakan yi shekara 5 a jami'a, sannan shekara 1 a Makarantar Horas da Lauyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a Legas a 1962, take kuma da rassa har da na Bagauda a jihar Kano. Darussa 5 ake yi a can: shari'ar laifuka, shari'ar haƙƙoƙi tsakanin mutane, dokar kamfanoni, dokar filaye da gidaje, da ladubban aikin lauya. Karayar arzikin mutum ɗaya, irin mai shago ko mai tireda, ba ta da darasi nata na kanta. Wanda bai nemi sanin ta da kansa ba zai iya sa hular lauya bai taɓa buɗe dokar ba.

To, ga kaɗan daga abin da ke cikin wannan fanni, kowa ya auna da kansa ko yana da amfani a gare mu.

Bashi ba laifi ba ne da za a kama mutum a kansa. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniyar ciniki, sashe na 36 kuma ya hana a kama wani a madadin wani, watau ba a tsare mata ko ɗa ko yaron shago don maigida ya fito. Kotun Ƙoli ta sha nanata cewa 'yan sanda ba masu karɓar bashi ba ne. Wanda aka tsare a kan bashi yana iya zuwa babbar kotu a ƙarƙashin sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya nemi a sake shi a kuma biya shi diyya, kuma sau da yawa har wanda ya kai ƙarar ake haɗawa a biyan. Wannan gargaɗi ne ga 'yan kasuwarmu masu bin bashi su ma. Sai dai a lura, damfara daban take, haka nan ba da cek alhali babu kuɗi a asusu laifi ne mai ɗaurin shekara 2 a dokar 1977.

Mai bin bashi shi ma yana da hanyarsa. A 2018 jihar Legas ta buɗe kotun ƙananan ƙararraki a kotunan majistare, domin bashin da bai wuce naira miliyan 5 ba a lokacin, da nufin a gama shari'a cikin kwana 60, kuma mutum na iya tsayawa da kansa. Amma akwai wa'adi. A Legas, bashin ciniki da ya shekara 6 ba a kai shi kotu ba, kuma wanda ake bi bai amsa shi a rubuce ko ya biya wani abu ba, kotu ba za ta saurare shi ba. Kawaici halinmu ne mai kyau, amma mutum nawa ne a cikinmu suka san kawaicin shekara 7 yana iya cinye musu jari?

Sai kuma sabon bala'in masu ba da bashi ta manhajar waya, waɗanda ke kwashe lambobin da ke wayar mutum su aika wa surukansa da limaminsa cewa ɓarawo ne. A 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas, a 2023 kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. Doka tana nan, mai kai kukan ne babu.

Ita kuwa dokar karayar arziki, tun 1979 aka yi ta, a Babbar Kotun Tarayya ake shari'arta, kuma a cikinta bashin naira 2,000 ya isa a nemi kotu ta ayyana mutum a matsayin wanda ya karye. Dokar kamfanoni ta 2020 ta buɗe wa kamfanin da bashi ya danne hanyar sasantawa da masu bin sa don ya farfaɗo. Mai sayar da albasa fa? Gyaran irin wannan doka sai da lauyoyin da suka san yadda ƙaramin ɗan kasuwa ke karyewa, su rubuta, su je gaban majalisa su yi bayani.

Wasu za su ce muna da Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa, a wurinsu muke sulhu tun kakanni. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a bar wannan ba, domin sulhu ya fi shari'a sauƙi da rufin asiri. Amma ikon Sarki a kan wanda ya yarda da shi yake. Banki ba ya zuwa fada, haka abokin cinikin da ba namu ba. Ko sulhun da aka yi a fada ya fi ƙarfi idan an rubuta shi yadda kotu za ta karɓa. Wasu kuma za su ce babu kuɗi a wannan fanni. Bankuna da manyan kamfanoni suna biyan lauyoyi maƙudan kuɗi don su karɓo musu bashi, wanda ya ƙware ba zai rasa abinci ba. Abin da muke roƙo shi ne ya riƙa waiwayar gida.

Fannin ma ba baƙo ba ne gare mu. Ayar da ta fi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, littattafan fiƙihun Malikiyya kuma suna da babi a kan wanda bashi ya fi ƙarfin dukiyarsa. Yaron da ya haɗa wannan da dokar ƙasa zai yi wa dattawanmu bayani da harshen da suke ji.

Saboda haka muna kira ga ɗalibanmu, idan jami'arku tana da darasin bashi ko na karayar arziki a cikin na zaɓi, ku ɗauka, ku rubuta kundin kammala digiri a kai, lokacin koyon aiki kuma ku nemi ofishin lauyan da ke irin wannan shari'a. Masu hali a cikinmu su ɗauki nauyin ɗalibi ko da ɗaya ne a kowace unguwa. Mu kuma iyaye, kafin yaran su gama, duk bashin da za a bayar a rubuta suna da adadi da ranar biya, shaidu biyu su sa hannu, ko da da ajami ne. Allah Ya rufa mana asiri, Ya biya wa mai bashi bashinsa, amin.