Ka Ba Su Kuɗinka, To Ina Takardar Alƙawarin?

 Yau ba darasin filashin ko gyaran bakin caji na zo da shi ba. Wata magana ce ta tsaya min a wuya tun makon jiya, kuma sai na amayar da ita.

Wani abokina da muke layi ɗaya a kasuwa ya shigo shago yana nuna min wata manhaja da masu ita ke tara kuɗin karo-karo a intanet domin su gina ta. Sun ce babu talla a cikinta, babu leƙen asiri, saƙonka daga kai sai wanda ka tura wa. Har ya tura musu ɗan abin da ya samu, yana ta watsa tallarsu a guruf-guruf na WhatsApp. Na yi masa tambaya ɗaya: yaushe suka ce za su gama, kuma cikin abubuwan da suka yi alƙawari wanne ne ya riga ya fito? Sai ya ce min, "Haba malam, ai buɗaɗɗiyar manhaja ce, kowa yana ganin cikinta, ba a cuta a nan."

Wallahi wannan amsa ita ce ta sa na zauna rubutun nan, domin na sha jin ta, kuma na tabbata kai ma ka taɓa faɗinta ko ka ji an faɗa.

Ga wanda bai sani ba, buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda masu ita suka bar rubutun da aka gina ta da shi a fili, kowa zai iya karantawa, ya kwafa, ya gyara. Abu ne mai kyau, ni kaina ina amfani da irinsu kullum. Amma buɗe rubutu daban, cika alƙawari daban. Shagona ma a buɗe yake, kana iya tsayawa a kaina kana kallo ina kwance wayarka. Wannan ya taɓa hana mai gyara ya ce maka "dawo gobe" sau biyar? Mu masu gyara mun san kanmu, ba sai an yi mana gori ba. Abin da ke kama mai gyara shi ne takardar da ya rubuta maka: ga abin da ya lalace, ga kuɗin, ga ranar karɓa. Idan babu ita, ranar da ka dawo da faɗa zai ce ai shi ba haka ya ce ba, kai ma ba ka da abin nunawa.

Bari in ba ka misalin da ya shafi waya kai tsaye, tunda a nan muka fi fahimtar juna.

A watan Agustan 2017 wani kamfanin Amurka mai suna Purism ya buɗe karo-karo a shafinsa domin ƙera wayar da ya kira Librem 5. Ba Android za ta hau ba, wata manhaja ce tasu mai suna PureOS da aka gina a kan Linux, a buɗe. Sun yi alƙawarin makunnai na zahiri a jikin wayar da za ka kashe kyamara da makirfo da sabis da Wi-Fi da hannunka, sun kuma ce idan ka jona ta da babban allo za ta zame maka kwamfuta. Dala miliyan ɗaya da rabi suka nema, mutane suka ba su sama da miliyan biyu. Kuɗin waya ɗaya dala 599. Ranar da aka sa: Janairun 2019.

Janairu bai zo ba aka ɗage zuwa Afrilu. Daga Afrilu aka ɗage zuwa wajen ƙarshen damina. A watan Satumban 2019 sai ga sanarwa mai daɗi cewa an fara tura wayoyi. To a nan nake so ka buɗe idonka sosai, domin wannan kalma ta "an fara" ita ce ramin da ake faɗawa. Kamfanin ya raba wayoyin rukuni-rukuni, ya sa musu sunayen itatuwa: Aspen, Birch, Chestnut, Dogwood, Evergreen. Rukunan farko 'yan ƙalilan ne, na gwaji. Waɗanda suka karɓi Birch a ƙarshen 2019 sun tarar da waya da za ka kira mutum amma ba ka jin muryarsa, kyamara kuma ba ta aiki. An gyara matsalar muryar daga baya da sabuntawa, gaskiya ne. Amma ka yi tunanin kastoma ya zo karɓar wayarsa, na miƙa masa na ce, "Ta tashi, sai dai ba ta kira tukuna." Ni dai na san ranar nan layinmu zai cika da 'yan kallo.

Evergreen, wato ainihin wadda aka ƙera da yawa domin jama'a, sai a Nuwamban 2020 aka fara tura ta, kusan shekara biyu bayan ranar farko. Wasu da suka biya sun ƙara jiran shekaru a layi, farashin kuma ya yi ta hawa har ya kai dala 1,299. Ƙorafin waɗanda suka nemi a mayar musu da kuɗinsu aka yi ta ja musu rai ya yi yawa har Louis Rossmann, wani sanannen mai gyara a Amurka, ya yi bidiyo a kai a 2023.

Duk tsawon wannan lokaci manhajar a buɗe take. Ba a ɓoye rubutunta ba. Wanda ya shiga ma'ajiyar da suke aiki zai ga jerin matsalolin da ba a warware ba da idonsa. Matsalar ita ce yawancin mutane sanarwa suke karantawa, hoton waya mai sheƙi suke kallo, su yi tafi su wuce. Buɗewar ta ba su tagar leƙawa, su ne ba su leƙa ba.

Don haka kai da ka ba da kuɗinka, ko kake shirin bayarwa, ko kake tallata musu a kyauta, ga aikin da ya rataya a wuyanka, kuma da wayar hannunka za ka yi shi.

Ranar da ka ga shafin neman kuɗin, ɗauki hotonsa daga sama har ƙasa. Kada ka dogara da cewa zai zauna yadda yake, shafi ana gyara shi cikin dare. Idan ka makara, akwai Wayback Machine a archive.org, ka manna adireshin shafin, sau da yawa zai nuna maka yadda yake a watannin baya. Daga nan buɗe wurin ajiye rubutu a wayarka, ka jera alƙawuran ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ranarsa. Duk wanda ba za a iya gwada shi ba, kamar "za mu ba ku 'yanci" ko "za mu sauya duniya", ka tsallake shi, waƙa ce. Ka riƙe irin su "za ta yi kiran murya", "za ta hau Android", "za ta fito a wata kaza". Gaban kowanne abu uku kawai za ka iya rubutawa: ya fito kuma na gwada, ya fito rabi, ko bai fito ba. "Yana hanya" ba ya cikin lissafi.

Sannan ka nemi inda suke ajiye aikin, yawanci GitHub ne ko GitLab. Na san za ka ce kai ba ka iya karanta rubutun kwamfuta ba. Ni ma sakandare na tsaya, ba na iyawa. Amma kwanan wata kowa ya iya karantawa. Duba wurin da aka rubuta "Releases", nan ne ake sa abin da aka gama wanda za ka iya saukewa. Yaushe aka sa na ƙarshe? Sai ka shiga "Issues", inda masu amfani ke kai ƙorafi. Yawan ƙorafi ba laifi ba ne, manhajar da ake amfani da ita dole a yi ƙorafi a kanta. Abin dubawa shi ne ana amsa musu ana rufewa, ko kuwa tambayar bara tana nan babu wanda ya tanka? Idan manhajar tana F-Droid, wato kasuwar buɗaɗɗun manhajojin Android, can ma ana nuna ranar kowace sabuntawa.

Akwai wata dabara da nake so ka kiyaye. Za ka ga ana ta ƙananan canje-canje kullum, an sauya launi, an gyara tambari, an ƙara fassara, alamar aiki ko'ina, amma babban abin da aka karɓi kuɗi dominsa ba a taɓa shi ba. Mu ma muna da irinta: ka goge sikirin, ka sa sabon kwali, alhali injin wayar yana nan yadda aka kawo shi. Shi ya sa jerinka yake da muhimmanci. Da shi za ka auna, ba da yawan motsi ba.

Ka kuma san a wace kasuwa ka zuba kuɗin. A Kickstarter, idan ba a kai adadin da aka nema ba, ba a cire kuɗin kowa. Amma da zarar an kai, kuɗin ya koma hannun mai aikin, kuma su kansu suna faɗa cewa su ba kanti ba ne. Idan kuma a shafin kamfanin kansa ka biya, kamar yadda aka yi da Librem 5, to babu ma wani na uku a tsakaninku. Wasu ayyukan suna karɓa ta Open Collective, inda shige da ficen kuɗi ke fili kowa na gani. Ni na fi natsuwa da irin wannan.

Yanzu bari in juyo kan masu cewa, "A bar su mana, sa-kai suke yi, kai me ka taɓa ginawa?" Wanda ya rubuta manhaja a lokacinsa na hutu ya ba duniya kyauta, ba ni da bakin yi masa faɗa, godiya ce tsakanina da shi. Amma ranar da ya jera alƙawura ya sa kwanan wata ya karɓi kuɗi, ya ɗauki kaya. Alƙawari kaya ne, haka muka taso muka ji. Tambayarsa ina aka kwana ba rashin kunya ba ce. Kuma ba sai na iya ɗinki zan gane cewa tela bai sa wa rigata hannu ba.

Haka nan ba na tare da masu cewa duk 'yan damfara ne. Wannan ma lalaci ne, irin na wanda ba ya son dubawa. Jinkiri ba sata ba ne. Manhajar haɗa bidiyo ta OpenShot ta nemi dala dubu 20 a Kickstarter a 2013 domin ta hau Windows da Mac, ta samu sama da dubu 45. Sai a 2016 sabon zubin ya fito, mutane sun gaji da jira, amma ya fito, kuma yau kana iya sauke ta a kan Windows ɗin kyauta. Ko ita Librem 5, duk da abin da na faɗa a kanta, makunnan nan suna jikinta, kuma fuskar wayar da suka rubuta mai suna Phosh ba ta tsaya a gidansu ba. Masu PinePhone suna amfani da ita, haka ma postmarketOS da ke farfaɗo da tsofaffin wayoyi. A nan buɗewar ta yi ranarta, aikin bai mutu a aljihun kamfani ɗaya ba. Sai dai wanda ya biya dala 599 a 2017 waya aka ce za a ba shi a 2019, kuma ribar da wasu suka ci daga baya ba ta goge shekarun da ya yi yana jira.

Shi kuwa abokina, a ranar muka zauna a kan benci muka buɗe shafin manhajar tasa. Alƙawura bakwai muka ƙirga. Biyu sun fito, mun gwada su a wayarsa sun yi aiki. Ɗaya ya fito rabi. Huɗu babu labarinsu, har da kiran murya, wanda shi ne ya ja shi ya biya tun farko. Ya rubuta musu tambaya cikin ladabi a wurin ƙorafi, ya nemi su faɗi ranar da za a sa ran kiran. Tallar da yake yi a guruf kuma ya ce ya dakatar sai sun amsa. Mun sa ƙararrawa a wayarsa, ranar ɗaya ga wata za mu sake buɗe jerin.