Neman Asali Ba Aikin Ƙoshi Ba Ne

A zamanmu na ƙungiya makon jiya, hira ta biyo ta kan Amurkawan nan jikokin mutanen Norway, masu raba dare suna tonon tsofaffin takardu don gano ƙauyen da kakan kakansu ya baro. Wani ɗan'uwa ya ce ƙoshi ne ke damunsu, wanda ke neman na cefane ina ya ga lokacin neman kabarin kakan kaka? Aka kwashe da dariya. Ni ban yi ba, ga kuma dalilina.

Mu fara da su wane ne kakannin nan. Ranar 4 ga Yuli 1825 wani ɗan ƙaramin jirgin ruwa mai suna Restauration ya tashi daga garin Stavanger da mutum 52. Ya isa New York ranar 9 ga Oktoba da mutum 53, don an haihu a tsakiyar teku. Cikin shekara ɗari da suka biyo baya, kusan mutum 800,000 suka bar Norway zuwa Arewacin Amurka. In ka cire Ailan, babu ƙasar Turai da ta rasa kaso mai yawa na jama'arta haka. Da yawansu ba su da ko taƙi guda na gona. Akwai waɗanda ake kira husmenn, masu zaman aro a gonar wani suna biya da ƙwadago. Talauci ne ya kora su Wisconsin da Minnesota da Dakota.

To shi jikan da ke nemansu yau, me yake yi? Wahala yake sha. A Norway ta da, in Hans ya haifi Ole, sunansa Ole Hansen. In Ole ya haifi Lars, ya zama Lars Olsen, 'yarsa kuma Olsdatter. Sai a liƙa sunan gonar da suke zaune, in sun tashi sunan ya sauya. Sai a 1923 doka ta tilasta wa kowa sunan zuriya tsayayye. Don haka mai bincike zai iya cin karo da Ole Hansen goma a gunduma guda. Dole ya buɗe littattafan coci da aka rubuta haihuwa da aure da mutuwa, ya gwada su da ƙidayar 1801 da ta 1865 da ta 1900, waɗanda ma'adanar tarihin ƙasar ta zuba a intanet kyauta a Digitalarkivet. Dole ya koyi karanta tsohon rubutun hannu na limaman ƙarni biyu da suka wuce. Ba ya karɓar suna sai takarda biyu sun yi shaida. Mu da ke rubuta labarin tarihi daga abin da muka ji a shayi, mu ne za mu kira wannan zaman banza?

Ban ce harkar ba ta da cuta ba. Akwai masu shiga da fatan su tarar kakansu sarki ne ko jarumin Viking. Amma takarda ba ta san kara ba. Sai mutum ya tarar da ɗan ƙwadago, ko jaririn da liman ya rubuta cewa ba ta hanyar aure aka same shi ba. Ya kuma tarar gonar eka 160 da dokar 1862 ta ba kakansa, ƙasa ce da aka raba 'yan asalin wurin da ita, irin su kabilar Dakota. Wanda ya ga wannan ya rubuta shi yadda yake, shi nake karewa.

Ku dubi Ole Rølvaag. Masunci ne daga arewacin Norway, ya tafi Amurka a 1896, ya zama malami a kwalejin St. Olaf. Ya rubuta labarin baƙin nan da harshen uwarsa, aka fassara shi zuwa Turanci a 1927 da sunan Giants in the Earth. Babu sarki a ciki. Manomi ne da matarsa Beret, wadda kewar gida ta kusa raba ta da hankalinta a filin da babu ko itace. Har yau ana karanta shi.

A nan zancen ya shafe mu. Yadda muke suna kusan haka yake: naka, na mahaifinka, sai na gari. Mu ma muna da waɗanda suka tafi ba su dawo ba, daga fataken goro da suka zauna a zangon Kumasi zuwa waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 har aka kafa Mai Wurno a Sudan. Amma tambayi matashi sunan kakan kakansa, ka ga ana sosa ƙeya. In kuma ya amsa, daga Yaman ko Bagadaza aka zo. Kowa jikan sarki ne ko malami. To majema da maƙera da bayin da suka noma gandu, ba su haihu ba ne?

Su suna da littafin coci. Mu tsohuwar nan ta ƙuryar ɗaki muke da ita, kuma ba za ta jira mu gama littafin soyayyarmu na goma ba. Kafin mako ya zagayo, ka je wurinta da biro da takarda. Ka tambayi sunaye, da sana'a, da garin da aka baro, da abin da ya kore su. Abin da aka tabbatar ka ware shi daban da "an ce". In ka tarar da abin da ba ka so, kada ka goge, a nan labarin yake.

Wanda bai yarda ba, ga fili ga mai doki.